Ɗiyar Fari a Tashar Faraku

Sai da muka kai tsakiyar kogin Kwara na gano abin da ya haɗa mu. Mu biyar ne a cikin jirgin fito, yara mata, kowacce da ɗan ƙunshin kayanta a cinya, Gwaggo Tumba kuma tana bisa buhun kanwa tana taunar goro. Ta kusa da ni, wata siririya 'yar garin Sharabi mai suna Dije, ta tambaye ni ko na baro yayye a gida. Na ce ba ni da su, ni ce ta fari. Ta ce ita ma haka. Wasa-wasa muka bi sauran da tambaya, sai ga shi dukanmu 'ya'yan fari ne. Muka yi ta ƙyalƙyala dariya, mu a dole mun gano abin mamaki. Ban wuce shekara goma ba a lokacin, kuma na daɗe a duniya kafin na gane Gwaggo Tumba ba da ka take zaɓe ba.

A ƙasarmu ta Bagudo, a wancan zamani, mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunya ake ce wa abin, da ita ake auna mutuncin mace. Ni kakata ta wajen uba ce ta yaye ni ta riƙe ni, ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni Yaya nake ce mata, ita kuma in ta kama dole sai ta ce "ke" ko "waccan". Bayan ni ta haifi uku, ba wanda ya zauna, duk da haka ban taɓa jin "Kulu" ya fito daga bakinta ba. In na kwanta ciwo takan zo bakin ƙofar kakata ta tsaya, wai aron barkono ta zo, alhali tana da shi cike da tukunya.

Da kakata ta rasu, Gwaggo Tumba ta zo gaisuwa. 'Yar baffan mahaifina ce, tana kai kanwa da bandar kifi ƙasar Faranshi, wadda ake kira Dahomai. Ta ce a ba ta ni riƙo, ta koya mini ciniki, ta yi mini kayan ɗaki in lokaci ya yi. Mahaifina ya ce ba zai iya hana 'yar'uwarsa ɗiya ba. Yaya tana tankaɗe a tsakar gida ana wannan magana. Ba a tambaye ta ba, kuma da ta buɗe baki, da har Kamba sai an ji labarin matar da ta yi gardama a kan ɗiyar fari. Duk mai son ya fitar da yaro daga gida ba tare da an yi hayaniya ba, ɗan fari zai nema. Gwaggo Tumba ta san haka sarai.

Kafin mu kai iyaka ta tara mu a gindin wata ɗorawa ta yi mana karatu. Daga yau sunanta Inna. Wadda duk ta kuskura ta ce Gwaggo, za ta sha barkono a ido. Ta sa muka yi ta maimaitawa har bakinmu ya saba, tana gyara wa masu yin ƙasa-ƙasa da murya da ranƙwashi.

Ni da na ɗauka iyaka wata katanga ce ko wani rami. Ashe 'yar bukka ce da tuta, da jandarmomi biyu, 'yan sandan Faranshi, suna korar ƙuda. Ɗayansu ya bi mu da sanda yana taɓa kawunanmu, ya tambaya da Dandanci, yaren mutanen iyakar, yaya aka yi mace ɗaya ta haifi yara biyar kai ɗaya. Gwaggo Tumba ta ce biyu nata ne, uku riƙo. Ya juya ya yi wa babbansu bayani da Faransanci. Babban ya ɗaga kafaɗa, ya faɗi abin da daga baya na ji shi sau ba adadi a bakin masu hukunci: al'adarsu ce, ba ruwanmu. Ta miƙa musu goro, suka sa mana albarka muka wuce.

Daga nan ƙafa muka sha bayan jakuna har Sagbana, sannan muka hau wata tsohuwar mota mai ɗaukar auduga. Ban taɓa shiga mota ba, na yi amai har na ji kamar hanjina zai fito. Dije ce ta riƙe mini kai, tana zagina ciki-ciki wai na ɓata mata zane, tana kuma shafa mini baya.

A Kandi aka fara rage mu. Wasu mata biyu suka zo masaukinmu da hantsi, suka duba haƙoran yaran, suka murza tafin hannunsu, suka sa kowacce ta ɗauki tulu cike da ruwa ta zagaya tsakar gida. Haka mahaifina yake duba akuya ranar kasuwa. Suka zaɓi uku suka tafi da su. Gwaggo Tumba ta ce gidan 'yan'uwa aka kai su, za su dawo da Sallah. Ni da Dije aka ajiye mu gidan wata mai sayar da sakwara a bakin tasha, Gwaggo Tumba kuma ta koma gida ɗauko wani kaya.

Damina guda muka yi a gidan nan. Mu ne ɗiban ruwa, mu ne firar doya, mu ne daka, mu ne wanke-wanke, abincinmu kuwa abin da masu ciniki suka rage a kwano. Ni da na tashi kan tuwon dawa da kifin Kwara, sai ga ni ina lasar miyar da ban san sunanta ba. Ɗan Dandancin da na taso da shi ya taimake ni, don can ma suna yin sa, ko da yake nasu ya karkace. Abin da ya fi cin raina ba yunwar ba ce. Da yamma in na ji wata tana kiran ɗanta ya shigo gida, sai in rasa wa nake kewa. Kakata ta mutu, Yaya kuwa ban san ko tana da izinin tunawa da ni ba.

Ɗaukar tulu ya cinye mini gashin tsakiyar kai, wurin ya zama gyambo. Akwai wata tsohuwa Babargiya, 'yar asalin ƙasar, da take zama kusa da rijiya tana sayar da man kaɗe. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ran nan ta fizgo ni ta zaunar a gabanta, na ɗauka laifi na yi. Ta wanke gyambon, ta shafa mai, ta yage bakin tsohon zanenta ta naɗa mini gammo mai kauri. Kullum na zo rijiya sai ta duba kan, ta yi tsaki, ta ƙara mai. Har na bar garin ban san sunanta ba, amma har gobe ina sa ta a addu'a.

Muna Kandi aka ce an ba ƙasar 'yanci. Aka sauke tutar Nasara aka ɗaga wata, aka wuni ana kiɗa, 'yan makaranta suka yi jerin gwano ana raba musu alewa. Mu kuwa ranar muka fi shan wuya, don garin ya cika da masu cin sakwara. Na tambayi Dije mene ne 'yancin nan da ake ta faɗa. Ta ce ita dai a ganinta abin ci ne, tunda 'yan makaranta kaɗai aka ba. Bayan wata biyu muka ji an ce mu ma can gida an ba mu namu. Dije ta ce to Allah ya sa su rage mana.

Da kaka ta yi Gwaggo Tumba ta dawo da wasu sababbin yara, ta kwashe mu zuwa Faraku. Nan ne babban gari, nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta ƙare, wadda ta taso tun daga Kwatano a bakin teku. Muka sauka a zangon Hausawa, a gidan sarkin zango, inda take da ɗaki nata na kanta. Sarkin zangon mutumin kirki ne a ido, mai farin gemu da carbi, kowa ya zo garin shi ne ubansa. Yana ganin yara suna shigowa gidansa suna fita, bai taɓa tambayar inda ake kai su ba. In an kawo masa tsarabar kanwa da kifi sai ya ce Allah ya yi wa Tumba albarka, mai riƙon zumunci.

Yaran zango ne suka faɗa mana gaskiya, a bakin famfo, ba don mugunta ba. Suka ce duk wadda aka sa a jirgi, Kwatano za a kai ta aikatau gidan masu kuɗi, wasu ma a wuce da su cikin teku. Suka ce jirgin yana dawowa da gishiri da atamfa da kananzir, amma ba su taɓa ganin ya dawo da yarinya ba.

Dije aka fara ɗauka. An aike ni kai niƙa, kafin in dawo ba ta nan, sai ɗankwalinta a kan igiya bai ma bushe ba. Na tambaya, Gwaggo Tumba ta ce in ban rufe mata baki ba zan bi ta tun kafin lokacina. Ni an bar ni ne don wadda ta yi odar yarinya mai ƙarfin daka ba ta aiko ba tukuna. Kafin nan aka ɗora mini tallan kifi a kasuwa.

A wajen tallan nan wata mata ta tsaya ta ƙura mini ido. Ta dubi askar da ke fuskata, ta saurari yadda nake kiran ciniki, sai ta ce, "Ke ɗiyar wa ta a Bagudo?" Sunanta Hassi, 'yar Bahindi ce ta can wajenmu, ita ma fataucin kifi take yi. Na faɗa mata sunan mahaifina da unguwarmu, na faɗa mata zancen Dije da na jirgi, ina yi ina waige. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta sayi kifin da ba ta bukata, ta ɓare rabi ta tura mini a baki, ta ce in haɗiye kafin a gani.

Rani ya yi nisa, har na fid da rai, sai ran nan na dawo daga kasuwa na tarar da mutum biyu zaune a ƙofar gidan sarkin zango, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Kawu Gado ne, ƙanen mahaifiyata, da wata mata ta lulluɓe har goshi. Tun daga yadda ta kau da kai da ta hango ni na san ko wace ce. Tiren kifin ya kusa suɓuce mini. Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar Bagudo ba, ita ce ta ƙetare Kwara, ta keta daji, ta hau motar auduga. Kawu ya ce tun ranar da Hassi ta kawo labari Yaya ta daina cin abinci, ba ta ce wa kowa don me ba, har sai da shi ya gane ya je ya roƙi mijinta izinin su zo "gaida dangi". Na durƙusa na ce, "Yaya, sannu da hanya." Ta amsa wa ƙasa.

Da Kawu ya nemi a ba su ni, sarkin zango ya ƙi sauraron maganar. Ya ce uba ne ya ba da riƙo, uba kaɗai zai karɓa, shi ba ya shiga tsakanin dangi. Kawu Gado mutum ne mai zafin kai, ya taɓa yin aikin mota, idonsa a buɗe yake. Ya tashi bai yi sallama ba ya nufi ofishin jandarma.

Shugaban ofishin sabo ne, baƙar fata ne daga bakin teku, saurayi mai tabarau, shi ya gaji kujerar Baturen da ya tafi. Zan faɗi gaskiya a kansa: a duk masu faɗa-a-ji da suka taru ranar, shi kaɗai ne baƙo, shi kaɗai ne kuma ya so ya taimake ni. Ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin ana wucewa da yara ta tasharsa. Ya sa aka kira kowa. Sarkin zango ya zo da dattawansa suka cika benci, Gwaggo Tumba ta zo da sabon mayafi, tafinta kuma wani Bahaushe ne ɗan gidan sarkin zango. Aka tsayar da ni a tsakiya.

Kafin a ce komai Gwaggo Tumba ta fashe da kuka. Ta jawo ni ta rungume, tana "Kuluna, Kulu ɗiyata, wa za shi raba ni da ke?" Hannun da ta zagayo da shi bayana kuwa farce ta kafa mini a haƙarƙari. Yaya tana can gefe a tsugune, ta ba mu rabin baya.

Mai tabarau ya yi magana a hankali, tafinta ya juya. Ya ce shi ba ya bukatar shaida mai yawa. Ga mata biyu, askarsu ɗaya da ta yarinya, garinsu ɗaya. In wadda ta zo daga nesa ita ce uwa, ta dubi yarinyar, ta faɗi sunanta, ta ce tata ce, yau ɗin nan zai ba ta ita su tafi.

Ina jin kukan wata tattabara a kan rufin kwano. Na dubi Yaya, na ga babban ɗan yatsan ƙafarta yana murzar siminti. A gabanta ga dattawa masu gemu, ga baƙon namiji, ga kuma Gwaggo Tumba, dangin miji, wadda ko a gida ba ta iya ɗaga ido a gabanta. Tun tana yarinya ake koya mata cewa macen da ta yi abin da ake nema ta yi yanzu ba mutum ba ce.

Kawu Gado ya ce, "Hwaɗi mana, Yaya. Kalma guda ta. Don Allah hwaɗi."

Mai tabarau ya sake tambaya, ɗiyarta ce ko ba ɗiyarta ba ce. Ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska. Da ƙyar muryarta ta fito, ta ba da amsar da kowace mace mai mutunci a ƙasarmu take bayarwa in an tambaye ta ɗan fari.

"Ɗiyassu ta."

Tafinta ya juya masa daidai yadda ta faɗa, har da nuna Gwaggo Tumba da hannu. Kawu ya miƙe tsaye yana roƙonsa ya yi wa mutumin bayanin kunyar ɗan fari, ya gaya masa a wurinmu shirun nan shi ne shaida. Tafinta ya ce shi abin da aka faɗa yake juyawa, ba a aiko shi wa'azi ba. Na dubi bencin dattawa. Babu ɗaya a cikinsu da bai san dalilin shirunta ba. Uwayensu haka suka yi musu, matansu haka suke yi a gida. Sarkin zango yana jan carbinsa yana kallon silin.

Mai tabarau bai haƙura ba. Ya ce to suna kawai, ta faɗi sunan. Na ga mayafin ya motsa wajen bakinta. Na rantse da Allah ta gwada. Ba abin da ya fito. Ya juyo gare ni ya tambayi yadda nake kiran kowaccensu. Farce yana cikin namana, na ce wannan Inna, waccan Yaya. Sannan na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na ce amma waccan ce ta haife ni. Gwaggo Tumba ta yi dariya cikin hawaye, ta ce yarinya ce, an saye ta da alkawarin komawa gida. Ko tafinta ya juya maganata, ko bai juya ba, Allah kaɗai ya sani.

Mutumin ya cire tabarau ya murza ido. Ya daɗe yana kallon Yaya. Abin da ya faɗa a ƙarshe, tafinta ya juya shi da murya mai ƙarfi don kowa ya ji: shi bai taɓa ganin uwar da za ta yi wannan tafiya ta ƙi ko kallon ɗiyarta ba, zancen riƙo kuwa al'adarmu ce, mu je mu sasanta a gida.

Muna fitowa na ji ɗaya daga cikin dattawan yana ce wa na kusa da shi, "Kai, wagga mata ta san kunya. Gidan da ta hito an yi tarbiyya." Ɗayan ya ce wallahi irinsu sun yi ƙaranci. Yabonta suke yi tsakani da Allah. A ranar na tsani garinmu da duk abin da aka koya mana a cikinsa, na kuma tsani Yaya fiye da Gwaggo Tumba. Ita Tumba kura ce, ta yi halinta. Amma wadda ta haife ni an ɗora mata ni a tafin hannu, ta zaɓi a ce tana da kunya. Haka na gani a lokacin, haka kuma na riƙe shekaru masu yawa.

Gwaggo Tumba ba ta sake jiran kowa ba. Jirgin da ya tashi da safe da ni ya tashi, an haɗa ni da wani mai kai shanu. Ban leƙa taga ba. Na ce ko tana nan ba na son ganinta.

Kwatano ba zan ja labarinta ba, don ba daɗi gare shi ba. An kai ni gidan wata mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta sa mini wani suna da ya fi mata sauƙin faɗa. Na yi rainon 'ya'yanta har suka fi ni tsawo, ina kwana a ƙofar madafa, ina cin garin rogo da ruwa. Na koyi yarensu da na Faranshi a bakin zagi. Na nemi Dije a kasuwa, a bakin teku, a masallacin Idi, ban ko ji mai kama da labarinta ba. Da na zama budurwa, ranar wata Juma'a na ɗauki bokiti kamar za ni famfo, ban koma ba. Wata Bazabarma mai tuwo-tuwo kusa da tashar jiragen ruwa ta ba ni wurin kwana da aiki, a wurinta kuma na haɗu da Hamani, mai gadin sito, wanda ya aure ni. Shi ya maido mini da sunana, don ya ce ba zai kira matarsa da sunan da wata ta laƙa mata ba.

Da na haihu, ɗiya mace, na sa mata Dije. Na yi ta kiran sunan nan safe da rana, da dalili da ba dalili, ina goya ta ina yawo da ita a unguwa. Matan Hausawa suka yi ta gulma wai zaman bariki ya cire mini kunya. Na ce su kai ƙara inda suka ga dama. Hamani ya sha ce mini mu je Bagudo ko sau ɗaya, in ce masa ba ni da kowa a can. Ko saƙon gaisuwa ban taɓa ba fatake ba.

Dije ta fara tasawa lokacin da mahaifin Hamani ya rasu a ƙasar Zabarma, dole muka kama hanyar arewa. Jirgi ba ya wuce Faraku, nan za mu sauka mu nemi mota. Na yi niyyar ko ruwan garin ba zan sha ba. Amma zafi ya yi zafi, yarinya tana kuka, sai na tsaya wurin wata tsohuwa mai fura a bakin tasha. Tana cikin damawa Hamani ya ɗago murya daga wajen kaya ya ce, "Kulu, riƙe yarinyar nan da kyau."

Ludayin ya tsaya a hannun tsohuwar. Ta ɗago ta dubi askar fuskata.

"Ke ak Kulu? Ta Bagudo?"

Na ce ni ce. Ta kira wata mai ƙosai, ta kira wani tsohon ɗan dako, tana ce musu ga Kulun nan, ashe da gaske akwai ta. Suka kewaye ni suna kallo. Duk tashar ta san sunana, ni da na wuce ta cikinta sau ɗaya tak ina yarinya.

Tsohuwar ce ta ba ni labarin Yaya, tana yi tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya. Ta ce bayan shari'ar nan ƙanen matar ya yi juyin duniya su koma gida, ta ƙi. Mijinta ya aiko mata da saki, ko a jikinta. Ta taɓa shiga jirgi har Kwatano, garin ya yi mata girma, ta ɓace, ma'aikatan jirgi suka tsinto ta suka maido. Daga nan ta ce ita a nan za ta jira, tunda duk mai komawa arewa sai ya sauka nan. Ta samu ƙwarya ta fara fura, a daidai inda nake tsaye. Da fari in jirgi ya iso kallon masu sauka kawai take yi. Ran nan kuma, ba wanda ya san abin da ya taɓa ta, sai ta ajiye ludayi ta bi tagogin jirgi tun daga kai har wutsiya tana kira da iyakar muryarta. Kulu. Kulu ta Bagudo. Kulu ɗiyata. Tun daga ranar ba jirgin da ya shigo tashar nan ba ta yi masa haka ba, rani da damina, har muryar ta dushe. Yara suna bin ta suna kwaikwayo. Matan zango suka daina sayen furarta, suka daina kiranta biki. Daminar da ta wuce ta kwanta, ba ta tashi ba.

Na tambayi inda aka sa ta. Ɗan dakon ya ce bayan zango ne, amma ba zai iya nuna wurin daidai ba, don ba mutane da yawa suka raka ta ba.

Na zauna a ƙasa cikin ɓawon rake. Shekarun nan duka ina can ina ƙullace da ita, ina hura wutar tuwo, jirgin da zai kawo ni yana tashi a bayan unguwarmu ina jin kukansa. Dije ta riƙe mini wuya tana tambayar me ya faru.

Tsohuwar ta ƙarasa damun, ta yayyafa sukari. Ba muguwa ba ce, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Allah shi jiƙanta, ba ta da hwaɗa da kowa. Mu dai mun ɗauke ta taɓaɓɓa. Ke ki duba, ɗiyata, wace uwa mai hankali za ta tsaya tsakiyar tasha, gaban maza, tana kiran sunan ɗiyar fari?"

Ta miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu, tana jiran in ce haka ne.